Daɓen Roba a Bakin Kududdufi

Ɗakin da mahaifina ya bar mini yana can bayan garin Jos ta hanyar Naraguta, a bakin wani tsohon kududdufin kuza. Shi ya gina shi da hannunsa lokacin yana lebura a wurin haƙar kuza. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma bai iya zaɓen fili ba ko kaɗan. Da rani ba ka da abin cewa. Da zarar damina ta kankama kuwa, sai ƙasan ɗakin ya fara gumi. Ba daga sama ruwan yake zuwa ba, kwanon rufin lafiyarsa ƙalau. Daga ƙasa yake tsattsafowa, tabarma ta jiƙe, ƙafar gado ta yi funfuna, in ka taka da safe sanyin ya hau maka har ƙugu. Tsohon ya taɓa shafa siminti, simintin ya tsage, ruwa ya ci gaba da fitowa ta tsagar kamar ba a yi komai ba.

A ƙarshen shekarun saba'in ɗin nan ni mai liƙin roba ne. Lokacin roba ta shigo gari da ƙarfinta, ta fara korar ƙwarya da tulu daga gidaje: baho, bokiti, buta, jarka, kowace mace tana son nata mai launi. Robar kuwa ga saurin fashewa, musamman in sanyin Jos ya busar da ita. To mu muka samu abin yi. Ina zama a gefen kasuwa da kaskon gawayi da 'yan ƙarafuna, in gasa ƙarfe ya yi ja, in ɗora ƙyallen roba a kan tsaga in bi shi da ƙarfen har ya kama. Wasu ranakun in shiga ƙaramar bas in tafi Bukuru, can ma ina da wurin zama a gindin wata katanga.

A ɗakin nan aka kawo mini matata daga ƙauyensu na ƙasar Zariya, a nan kuma muka samu ɗanmu na fari. Bai ga damina biyu ba. Sanyi ya kama masa ƙirji, ya yi ta tari yana numfashi da ƙyar, kafin mu ankara ya tafi. Ba na son dogon bayani a kan wannan. Da ta sake samun ciki ya yi girma, danginta suka zo suka tafi da ita gida don ta haihu a gabansu. Ban hana ba. Ta haifi mace, na je suna, aka miƙo mini jaririyar na riƙe ta ɗan lokaci, aka karɓe. Da suka yi arba'in na aika a tambaya yaushe za a dawo mini da iyalina. Amsar ta fito daga bakin gwaggonta, ƙanwar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, kuma wadda ba mai tsallake maganarta a gidan. Ta ce ba za su mayar da 'yarsu ɗakin da ya ci musu yaro ɗaya ba, sai ranar da ƙasansa ya bushe.

Na yi fushi, na yi ta faɗa ni kaɗai. Wato ni ne na kashe ɗan? Ni ban san zafinsa ba? Na yi kwanaki ina shirya baƙaƙen maganganun da zan aika mata. Ban aika ko ɗaya ba, domin abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ta faɗa. Wani abokin sana'a ya ce in kama haya cikin gari in huta. Na ƙi. Ɗakin ubana ne, ba ni da wani abu nasa a duniya sai shi, kuma ina da taurin kai, ban ɓoye wa kowa ba.

Akwai abin da na gani a ƙauyensu lokacin sunan da ya tsaya mini a rai. Maƙwabtansu suna daɓen ɗakin amarya. Mata sun cika ɗakin maƙil a durƙushe, kowace da madaɓinta na itace, suna dukan ƙasa da tsakuwa tare, suna yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, wata tana ba da waƙa sauran suna amsawa. Tun daga bakin gari kake jin dukan, tim, tim, tim, kamar mutum ɗaya ne mai hannu da yawa. Na tsaya a waje ina saurare har aka fara kallona. A can, in ana son ƙasan ɗaki ya yi kyau, uwa ce take aika wa 'yan'uwanta da ƙawayenta, a dama fura a taru. Ni uwata ta rasu ina yaro, ba ni da ya ba ni da ƙanwa, dangin mahaifina suna wani wuri a ƙasar Katsina da ban taɓa takawa ba. Ko da daɓe zai tare ruwan kududdufi, wanda ba zai tare ba, wa zan kira?

Na dawo Jos na ci gaba da zama ni kaɗai. Kwanukan matata suna jere a bango yadda ta bar su, zanenta ɗaya yana rataye a bayan ƙofa, ban taɓa shi ba. Abinci a kasuwa nake ci a tsaye. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne sallama. Kullum na dawo da yamma na zare mabuɗi daga ƙarƙashin dutsen da muke ɓoye shi, na buɗe ƙofa, sai bakina ya yi sallama da kansa. In tsaya kamar wawa ina jira. Ba mai amsawa sai kwaɗin kududdufi. Kaɗaici ya ci ni a shekarar nan, ba zan yi ƙarya ba. Mutum ɗaya nake magana da shi a unguwar, wata tsohuwa Birom mai gonar dankali da acca a bayan ɗakina, da kowa yake kira Mama. In ta gan ni sai ta ɗago daga kunyarta ta ce, "Mai roba, mata naka bai dawo ba?" In ce bai dawo ba, Mama. Har na fara magana irin tata.

Dabarar ba wani tunani mai zurfi ne ya kawo ta ba. A wurin zamana na kasuwa, narkakkiyar roba takan ɗiga a kan yashi a gindin kasko. Wata rana ina share wurin sai na ga ɗigon ya taru ya dunƙule da yashin ya zama curi. Na sa ƙafa na shure shi, yatsana ya gaya mini. Na ɗauka na buga da dutse, bai fashe ba. Na jefa shi cikin bokitin ruwan da nake gwada liƙi, na manta da shi har washegari. Da na ciro na goge da riga, a bushe yake ƙayau, bai sha ko ɗigo ba. Na daɗe ina jujjuya shi a hannu. Ni da nake hana baho yoyo kullum, me zai hana in hana ɗaki?

Na samo rabin duro a wurin masu gyaran mota, da wani tsohon tiren gasa burodi mai kusurwa huɗu, da baƙin mai kaɗan. Yashi kuwa ga shi nan tuli a bakin kududdufi, wanda masu wankin kuza suka bari tun zamanin su mahaifina, wankakke tas. Saura roba. Duk macen da ta kawo abin da ya wuce gyara, sai in ce ta bar mini shi in liƙe mata wani kyauta. Bai isa ba. Sai na fara bin bola a bayan kasuwa da buhu a kafaɗa, ina tsintar fasassun bokitai da jarkoki da leda. A garinmu kowa ya san ma'anar a ga babban mutum yana tsince-tsince a bola. Masu shaguna suka fara gaishe ni a hankali, da irin muryar da ake yi wa marar lafiya. Wani tela ya jawo ni gefe ya ce ya san malamin da yake taimako a kan irin wannan, tun abin bai yi nisa ba. Na ce masa na gode, in na fara cire riga zan neme shi.

Aikin ya ba ni wuya kafin ya miƙa wuya. Na farko na zuba har da takalman roba, alhali na san halinsu tun a wurin liƙi: ba sa haɗa jini da robar bokiti. Suka ƙone suka yi baƙin hayaƙi mai ɗaci da ya kusa shaƙe ni, na zubar da duka. Daga baya na gane sai an yanka robar ƙanana, a narkar a hankali da wuta marar ƙarfi, a soya yashin daban ya yi zafi, sannan a riƙa zuba shi ana tuƙawa da ƙarfe kamar tuwon gidan biki. In yashi ya yi yawa abin ya marmashe, in ya yi kaɗan ya lanƙwashe. In ya yi daidai sai in shafa wa tire baƙin mai, in kwashe in zuba, in danne da faffaɗan dutse, in bar shi ya huce ya fito falle guda. Duk launukan nan da mata suke faɗa a kansu, ja da shuɗi da kore, in sun haɗu sai su koma kalar laka. Can bakin ruwa nake yi, inda iska take kwashe hayaƙin, da tsumma ɗaure a hanci. Duk da haka Mama takan ɗaga murya daga gona: "Kai Mai roba! Wannan hayaki naka zai kashe kaza nawa!" Bayan ta gama faɗan kuma sai in ga ta ajiye mini fasasshiyar buta a bakin ƙofa.

Na cinye ragowar rani ina tara fale-falen nan a jikin bango. Da suka isa, na fitar da gado da kwanukanta, na farfasa tsohon simintin, na zuba tsakuwa da yashi na daidaita, na fara jerawa. A durƙushe na yi aikin nan ni kaɗai, ba waƙa ba fura. Tsakanin kowane biyu in sa ƙyallen roba in bi da jan ƙarfe, har gefen bango na ɗaga liƙin sama kaɗan. A taƙaice na mayar da ɗakin ubana baho. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya sauka, kududdufi ya cika ya tumbatsa. Kullum da safe in shafa ƙasa da tafin hannu. A bushe. Na so a ce akwai wanda zan ce wa zo ka taɓa, sai na kira Mama. Ta taɓa, ta ce, "Oga, ka yi kokari," ta koma gonarta.

Na ba wani direba ɗan ƙauyensu saƙo ya gaya wa Gwaggo ɗaki ya bushe. Gwaggo ba ta yi gaggawa ba, ta bari sai tsakiyar damina, lokacin da ta san in akwai ƙarya za ta fito. Ta sauka a gidan wata 'yar garinsu a cikin gari, da hantsi na je na ɗauko ta. Gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin ido. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. A bakin ƙofa ta tuɓe takalmi ta shiga, ta tsaya tana kallon ƙasa.

"Kai ɗan nan, wannan kuma mene ne?"

"Daɓe ne, Gwaggo."

"Su wa suka yi maka?"

"Ni na yi."

Ta dube ni. Ta buga da dunduniya. Ta durƙusa ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta shinshina. Ta ɗauki buta ta tsiyaya ruwa, ta zauna tana jiran ƙasa ta shanye yadda daɓe yake yi. Ruwan ya tsaya yana kallonta. Na kawo tsumma na goge.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga kan duwatsu, aka tsuge da ruwa har da ƙanƙara, kwano yana ƙara ba ka jin maganar na kusa da kai. Tana zaune a kan tabarma, ni ina tsugune a bakin ƙofa. Ina ganinta lokaci lokaci tana zura hannu ƙarƙashin tabarmar, ta fito da shi ta duba. Har aka ɗauke ruwan ba ta samu abin da take nema ba. Na ce a raina yau dai na ci.

Sai sanyin bayan ruwa ya sauko, irin wanda yake sa baƙo ya tsani Jos. Haƙoranta suka fara haɗuwa. Ta ce, "Kawo mini wuta, garin nan naku ba na mutane ba ne." Nan da nan na cika kasko da garwashi na miƙa mata daga bakin ƙofa, na ruga wurin Mama in karɓo dankali in dafa wa baƙuwa. Gwaggo kuwa ta yi abin da ta yi duk tsawon rayuwarta, abin da kowace mace take yi a kan daɓe: ta dire kaskon a tsakiyar ɗaki ta miƙa hannuwa tana jin ɗumi.

Tun daga gonar na jiyo warin. Na san shi, warin sana'ata ne. Na watsar da dankalin na dawo da gudu. Na tarar da ita a tsaye a waje tana tari, mayafi a hanci. Gindin kaskon ya nutse cikin daɓena, gefensa yana tafasa a hankali. Na kama da tsumma na ja, ya taso da zare-zaren roba, ya bar rami baƙi.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo, bayan tarin ya lafa. "Yau na ga ƙasa tana narkewa. To kai ɗan nan, ɗakin da ba a ajiye wuta a cikinsa, a garin nan mai sanyin tsiya, da me za a ɗumama jaririya? Ka kori ruwa ka kori wuta, sai a zauna da me?"

Na dubi ramin. Ni da nake wuni da wuta da roba, ban taɓa kawo wannan a raina ba, domin tun da matata ta tafi ban hura wuta a ɗakin ba ko sau ɗaya. Wa zan hura wa? Na raka ta masauki. Washegari na kai ta tasha. Na durƙusa ta tagar mota na ce, "Gwaggo, me zan sa rai?" Ta gyara ƙunshinta a cinya ta ce, "Allah ya kai mu lafiya." Motar ta tashi.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni. A da ina da aiki a gabana, yanzu ba ni da komai sai jira. Na sa wuƙa mai zafi na yanke fale-falen da suka lalace na cire, ya zama akwai rami a tsakiyar ɗaki, faɗin faifai biyu, yashi a fili. Na ce gobe zan zuba sababbi. Goben ba ta zo ba. Duro ya yi tsatsa a bakin kududdufi, na daina bin bola, tela ya ce wa mutane na samu sauƙi. Direban nan in ya gan ni sai ya ce ba a ba shi saƙo ba. Na riƙa lissafa yarinyar a raina: yanzu ta iya zama, yanzu ta fara rarrafe, kuma duk ba a gabana ba. In wani ya ɗauke ta ta yi masa dariya, ni in na je sai ta yi ƙyuya. Kullum sai na kewaye ramin nan kafin in kai gado. Mama ma ta daina tambayata, wannan ya fi tambayar ciwo.

Damina ta ja baya, acca ta nuna a gonar Mama. Wata ranar kasuwa na dawo daga Bukuru da la'asar, na sauka a bakin titi na biyo 'yar hanyar da take ratsa duwatsu, kayan aikina a kafaɗa. Kafin in hango rufin ɗakina sai na ji wani sauti. Na ɗauka Mama ce take sussuka. Amma wannan ba turmi ba ne, ya fi turmi taushi, kuma daga wajen ɗakina yake fitowa. Tim. Sai a ɗan tsaya. Tim. Na tsaya cak a kan hanya. Na san dukan nan, sai dai ban taɓa jin sa daga hannu ɗaya ba.

Dutsen mabuɗi yana gefe a juye, ƙofa a buɗe. Matata tana durƙushe a tsakiyar ɗaki, ta ba ni baya, yarinya goye tana barci kanta yana lilo da kowane duka. Ta cika ramin da faffaɗan dutse da tsakuwa da jar ƙasa, ta tayar da shi sama da robar kamar ɗan dakali. Ga ƙwarya a gefenta da ruwan makuba, ga madaɓi a hannunta, tsoho, bakinsa ya sha duka har ya yi santsi. Daga baya ta gaya mini na Gwaggo ne. Ta ce da tsohuwar ta koma ba ta yi maganar ɗakin ba sai da ta ga damina ta wuce, sannan ta kira ta ta ce, ɗaki ya bushe, mijinki kuwa ba shi da kowa, ɗauki wannan ki je ki yi masa wurin wuta.

Amma a lokacin ban san wannan ba. Ina tsaye a bakin ƙofa da kaya a kafaɗa. Ba waƙa, ba taron mata, ita kaɗai ce da 'yar da ban sani ba a bayanta, tana dukan ƙasar ɗakin da ɗanta ya mutu a ciki. Bakina da ya saba yin sallama da kansa, ranar sai da na yi da gaske kafin ta fito.

Ta tsayar da madaɓin a sama. Ba ta juyo ba, na ga dai ta goge ido da gefen hannu.

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Malam. Kada ka taka nan, bai bushe ba."